Ɗigon da Ya Tsaya a Hanyar Kornaka

An yi wani mutum a nan Dakoro, ba zan faɗi sunansa ba, don bakina ya fi ƙarfin sunan. Rumfar sharji, wato cajin waya, gare shi a bakin kasuwa. Mutanen ƙauye su kawo salularsu su bar masa, su shiga cinikinsu, da yamma su karɓa. Amana ke nan, ko ba amana ba ce?

To shi wannan, da ka juya baya sai ya buɗe. Ya kalli hotunan matan mutane, ya saurari saƙonninsu, ya kai majalisa ana dariya. Tir!

Wata ranar kasuwa wani makiyayi mai raƙuma, Rhissa, ya kama shi yana leƙen wayar wata tsohuwa. Rhissa bai iya ɓoye-ɓoye ba. A gaban jama'a ya ce masa, "Malam, ka ji tsoron Allah. Wuta aka ce ka sa mata, ba ido ba."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Mutumin nan ya haɗiye, amma abin bai wuce maƙogwaronsa ba. Ya rantse sai ya ga bayan Rhissa.

Ku ji makirci. Ya bi Rhissa har masauki, ya durƙusa, ya ce ya tuba. Kun san halinmu, in ka yafe wa mutum sai ka koma ciniki wurinsa don duniya ta shaida. Rhissa ya dawo da wayarsa rumfar da zuciya ɗaya. Shi ko la'ananne ya dasa mata abin nan da ke nuna inda waya take. Tun daga ranar, duk inda Rhissa ya sa ƙafa, wani ɗan ɗigo na tafiya a wayar mai rumfar nan. Rijiya, masallaci, gidan surukai, yana zaune yana kallo, yana cizon leɓe.

Da ya ji Rhissa ya sayi sabon moto, wato babur, zai tafi Kornaka, sai ya nemi wasu 'yan fashi masu tare hanya. Ya ce moto nasu ne, shi dai kada mai shi ya dawo. Ya yi musu alkawarin zai riƙa gaya musu inda ɗigon ya kai.

Ya 'yan uwa, a garin nan wa ke riƙe waya shi kaɗai? Ta maƙwabci ta kowa ce. Mutumin nan yana da ƙane, Jafaru, magidanci mai haƙuri, uwa ɗaya uba ɗaya. Matar Jafaru ta je haihuwa gidan iyayenta a Kornaka, da safen nan aka aiko ta sauka. Jafaru ya fito a ruɗe yana neman abin hawa, wayarsa ta lalace. Rhissa ya gan shi ya ce, "Ɗauki moton, tafiyata ba ta gaggawa ba ce. Ga wayar ma, in ka isa ka kira Innarku ka yi mata albishir." Har rawaninsa ya naɗa masa saboda rana.

Ɗigo ya bar gari. Mutumin nan na rumfa yana aikawa: ya wuce nan, ya kusa can. Can sai ɗigon ya tsaya cikin daji, bai ƙara motsi ba. Wallahi an ce har shayi ya saya wa maƙwabtansa don murna.

Aka kira la'asar. Ya shiga sahu, ya waiga dama, sai ga Rhissa kafaɗa da kafaɗa da shi. Da aka sallame Rhissa ya miƙo hannu yana murmushi. "Barka da arziki, an yi maka ɗa. Jafaru bai kira ba? Wayata na wurinsa."

Mutumin nan ya kurma ihu a cikin masallaci. Da bakinsa ya tona kansa, ba wanda ya tambaye shi.

Kafin magariba aka kawo gawar Jafaru a bayan mota. Jandarmomi suka karɓi wayar wan nasa, suka ga komai, saƙo bayan saƙo. Ya roƙi a bar shi ya yi wa ƙanensa wanka. Mahaifiyarsu, Inna Hawwa'u, ta fito zaure, ba ta ko dube shi ba. Ta ce, "Kada hannun nan ya taɓa mini ɗa." Rhissa ne ya yi wankan.

Mai rumfar nan yana gidan kaso yanzu. Kuna jira in ce na tausaya masa? Ban tausaya ba! Tausayina na wurin jaririn da aka raɗa wa suna babu uba.

Ya 'yan uwa, Allah ya hana mu bin diddigin juna, kuma bai ce ban da waya ba. Kai mai leƙen wayar matarka tana wanka, kai mai bin sawun abokin cinikinka, kai da aka ba gyara ka buɗe, da ku nake. Inda bawan Allah ya sa ƙafarsa sirrinsa ne. Wa ya naɗa ka mai tsaronsa? Kana ganin ɗigo, ba ka ganin wanda ke riƙe da wayar. Mai gani duka Ɗaya ne, kuma yana kallon ka kana kallo.

Ya Allah, ka tona asirin duk mai farautar bayinka a ɓoye, ka mayar masa da sharrinsa tun a duniya. Ka jiƙan Jafaru, ka raya marayansa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye hannuwanmu daga abin da aka ba mu amana. Amin.