Hular da Malam Ya'akubu Ya Bari da Gurbi

Akwai wani saurayi mai suna Hamisu da ya tashi a unguwar Wulari cikin Maiduguri, 'yan shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai. Mahaifinsa Malam Ya'akubu mutumin Kano ne. Ɗinkin hula ya kawo shi Barno, ya zauna har ya iya ɗinka hular zanna bukar kamar a nan aka yanke masa cibiya.

Duk Kasuwar Litinin an san halin Malam Ya'akubu. Mutum ne da ba ya tsallake komai a zanen hula. In ya fara fure, ko gobara ake yi sai ya rufe shi kafin ya ɗaga kai. In zare ya karkace masa, sai ya warware layin gaba ɗaya ya sake. Tuwo ya sha hucewa a gabansa saboda haka, matarsa Inna Saude ta yi mita har ta gaji ta haƙura.

Haka ya koya wa Hamisu riƙon allura tun yana ƙarami. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Abin da ka fara, ka gama shi kafin ka taɓa na gaba."

Hamisu kuwa ya ɗauke halin uban kaf, ya tafi da shi makaranta. Allah ya ba shi kan lissafi, ga tsabtar aiki. Littafinsa in ka gani sai ka rantse da allura aka rubuta shi.

Burinsa ɗaya ne, ya zama likitan haƙora. Yana yaro ya ga yadda ciwon haƙori ya kumbura wa Inna Saude fuska, ta danna kanumfari har ya daina yi mata aiki, daga ƙarshe aka kira wanzami ya cire haƙorin da awartaki. Kukan da ta yi ranar bai taɓa barin kunnensa ba.

Da ya gama sakandare, sai ya zauna jarrabawar shiga makarantar likitan haƙora da ke Legas. Takardar lissafi ce abokansa suke tsoro. Shi kuwa ya shiga ɗakin yana murmushi.

Ya yi tambaya ta farko, ya yi ta biyu, ya yi ta uku. Ta huɗu ta cije.

Ya bi ta nan, ta ƙi. Ya soke, ya sake ja da rula, ya bi ta can. Bai ji motsin kowa ba, bai kalli agogon bango ba. Daidai lokacin da amsa ta fito masa tas, sai ya ji mai kula da jarrabawa ya ce a ajiye alƙalami.

Sai a lokacin ya juya takardar. Jama'a, tambayoyin baya ashe irin waɗanda yake yi ne yana cin gyaɗa. Ko ɗaya bai taɓa ba.

Sakamako ya fito, babu sunansa. Abin da ya fi tayar masa da hankali, an ce saboda shekarunsa sau ɗaya kawai ya rage masa ya sake zama. In ya sake faɗuwa, shi ke nan, maganar likita ta mutu.

Ya je wurin tsohon malaminsa na lissafi, Malam Pindar, wani ɗan ƙabilar Babur mai fara'a da ba ya ɓoye gaskiya. Malam Pindar ya tambaye shi, "Yaya kake yin bita a gida?"

Hamisu ya ce, "Malam, zama nake da tambaya har sai ta ba da kai, ko da za ta kai ni azahar. Ni fa ba a taɓa ba ni lissafin da ya gagare ni ba."

Malam Pindar ya yi dariya. "To ga shi kuwa ka faɗi. Hamisu, ba lissafi ne ya kayar da kai ba, agogo ne. Ka nemo agogo. Ka riƙa zama daidai tsawon lokacin da za a ba ka a jarrabawa. Ka fara karanta takardar duka, ka kwashe masu sauƙi. Wadda ta cije, ka tsallake ta, in lokaci ya rage ka dawo mata. Kuma ka sami wanda zai ƙwace takardar in ƙararrawa ta buga, don na san ka, da kanka ba za ka sake ta ba."

Hamisu ya koma gida ransa a ɓace. Ya tarar da Inna Saude tana tankaɗe a tsakar gida, ya zauna ya kwashe komai ya gaya mata. Cikin ɗacin rai ya ƙara da cewa, "Inna, abin da Baba ya koya min ne ya kayar da ni."

Bai san Malam Ya'akubu ya shigo zaure ba. Tsohon ya ji, maganar ta soke shi ƙwarai.

Washegari a kasuwa Malam Ya'akubu ya leƙa shagon maƙwabcinsa Onuora, wani Ibo mai sayar da agogo da tocila, ya ce a ara masa agogon tebur mai ƙararrawa.

Onuora ya riƙe baki. "Malam Ya'akubu, kai da agogo? Kai da rana take jira ka gama hula kafin ta faɗi?"

"Na yaro ne, maƙwabci. Jarrabawa zai sake."

Onuora ya goge agogon da gefen rigarsa ya miƙa masa. "Ɗauka. In ya zama likita, ni ne na farko a layi. Akwai wani haƙori nan da ya daɗe yana min rashin mutunci."

Aka fara bita kullum bayan la'asar a zaure. Inna Saude aka fara ɗora wa aikin karɓar takarda. Kai, uwa dai uwa ce! Ƙararrawa na bugawa sai ta ce, "Bari ya ƙarasa layin nan, bawan Allah." Rana ta uku ma kife agogon ta yi da kwano don kada ya dame shi.

Malam Ya'akubu ya ce, "Bar shi, ni zan yi."

Ranar da ya fara, ƙararrawa ta buga Hamisu yana tsakiyar wata tambaya. Tsohon ya miƙa hannu ya zare takardar.

"Baba, saura ƙiris!"

"An ce a karɓa, na karɓa."

Ya faɗa da murya a dake. Shi da bai taɓa ganin aiki a buɗe ya wuce ba, yau shi ne yake raba ɗansa da aikin da bai gama ba.

Duk da haka hali bai canza ba. Kullum sai Hamisu ya maƙale a kan mai wuya, kullum sai a karɓi takarda rabinta fari. Jarrabawa tana matsowa, tsoro ya fara cin sa, abinci ma ya rage ci. Wata rana da aka sake zare masa takardar, ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Baba, ka yi haƙuri, amma abin nan ko kai ba za ka iya ba. In na tsallake, ji nake kamar na yi sata."

Malam Ya'akubu ya dube shi. Sannan ya ce, "To. Gobe ma rana ce."

Washegari da la'asar ya shigo zaure da sabon ƙyallen hula, an zana shi, ba a sa masa zare ba. Ya zauna kusa da ɗansa, ya murɗa agogo da kansa, ya ce, "Kai da alƙalami, ni da allura. Bismillah."

Suka duƙufa. Can Hamisu ya maƙale kamar kullum. Ya ɗaga kai don ya huta, sai idonsa ya faɗa kan hannun ubansa.

Malam Ya'akubu ya iso wurin babban furen gaban hula, wanda ya fi kowanne cin lokaci. Ya yi masa 'yan ɗinki kaɗan, ya tsaya. Ya yanke zare. Ya tsallake furen ya koma na gaba.

Inna Saude da ta kawo ruwa ta kusa sakin kofin. "La'ilaha illallahu! Malam, lafiyarka kuwa?"

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Gumi ne yake tsattsafo masa a goshi. Hamisu yana kallo, babban yatsan tsohon sai komawa yake yi kan gurbin nan yana shafawa, shi kuma yana janye shi kamar mai hana yaro taɓa wuta. Da ƙararrawa ta buga, ya saki allurar tana rataye a tsakiyar layi, ya ɗora hannayensa a gwiwa.

Sannan ya ce, ba tare da ya kalli ɗansa ba, "Da ciwo, ban ce babu ba. Amma ga ni, ban mutu ba."

Hamisu ya ji kunya da tausayi sun rufe shi lokaci ɗaya. Ya tuna maganar da ya yi a tsakar gida, ya gane tsohon ya ji ta. Hawaye ya zubo masa a kan takardar. Ya ce, "Baba, ka yafe min."

"Murɗa agogon, mu sake."

Daga ranar abu ya fara sauyawa, ko da yake ba a dare ɗaya ba. Hamisu ya koyi karanta takarda duka kafin ya sa alƙalami. Ya koyi yi wa mai wuya ɗan alama a gefe ya wuce. Ya rage jan layi da rula a inda ba a tambaye shi ba. Wata rana ya ci agogo, wata rana agogo ya ci shi. Tsohon kuwa yana gefensa da hularsa, furen gaba yana nan a buɗe.

Ranar jarrabawa ta zo. Wannan karon tambaya ta uku ce ta cije. Hamisu ya ji tsohon halin nan ya taso, yana raɗa masa cewa saura ƙiris, ka ƙara gwadawa sau ɗaya. Sai ya tuna allurar nan da ke rataye a tsakiyar layi, da hannayen Baba a kan gwiwa.

Ya yi alama a gefe, ya juya takarda.

Ya kwashe sauran duka. Da ya dawo kan ta uku, ya kai rabinta aka ce a ajiye alƙalami. Ya ajiye. Ya yi masa ciwo, amma ya ajiye.

Da sakamako ya fito, sunan Hamisu yana ciki. Inna Saude ta yi guɗa har maƙwabta suka fito babu takalmi.

Ranar tafiya suka raka shi tashar jirgin ƙasa, wanda bai daɗe da fara zuwa Maiduguri ba. Onuora ya ce shi dai kada a manta da haƙorinsa. Malam Ya'akubu ya zaro hula daga aljihu ya ɗora wa ɗansa a ka. Hular zauren nan ce, an gama ko'ina ya yi kyau, sai furen gaba da ke nan a buɗe.

Ya ce, "Malaminka ya ce a tsallake, amma a dawo. In ka dawo da likitancinka, sai in cike."

Hamisu ya sa hular nan shekara da shekaru a Legas. Abokan karatu suka yi ta tsokanarsa wai telansa ya gudu da kuɗin aiki. Shi dai sai ya yi murmushi.

Da ya gama ya dawo gida a matsayin likita, ya tarar idon Malam Ya'akubu ya yi rauni, ko zare ba ya iya sawa a allura. Bayan an gaisa, tsohon ya ce a miƙo masa hular. Ya bi ta da yatsa har ya sami gurbin.

"Na yi maka alkawari, Hamisu. Ga shi ido ya riga ni tafiya."

Hamisu ya ɗauko tsohon gwangwanin allura, ya sa zare, ya zauna a inda yake zama da. Ya kama hannun ubansa ya ɗora a gefen furen, ya fara cikewa, tsohon yana bin kowane ɗinki da yatsa.

Can Malam Ya'akubu ya tsayar da shi. Dariya ce a fuskarsa.

"Likita, nan zaren ya karkace. Warware ka sake. Yau babu agogo."

Darasi: Sanin abu daban, iya yin sa a cikin lokaci daban. In kana shirin jarrabawa, ka yi bita da agogo a gabanka, ka fara da abin da ka iya, wanda ya cije ka tsallake shi ka dawo masa daga baya. Tsallakewa ba gazawa ba ce, matuƙar ka dawo. Kuma kada ka yi saurin ɗora wa iyayenka laifin faɗuwarka, domin akwai uban da zai karya halinsa na shekara da shekaru don kai ka wuce. Ku tura wa ɗalibin da ke fama da jarrabawa, da duk wanda yake da uba irin Malam Ya'akubu.