Madarar Kunama

A zamanin da aljanu ke yi wa sarakuna aikin ƙira, an yi wani birni mai suna Rumaya, yana kwance a gindin dutse kamar ɗa a cinyar uwarsa. A bayan dutsen akwai tafki baƙi ƙirin, mai zurfi, mai faɗi, wanda gora ba ta taɓa taɓa ƙasansa ba, kuma ba abin da ya raba shi da birnin sai wani ƙyaure na tagulla mai tsawon kamu arba'in, wanda aljanu suka ƙera wa kakan kakan Sarki Dambo. Da rani a ɗaga shi kaɗan a shayar da gonaki, da damina a rufe. Shekara ɗari uku ana haka, ba wanda ya ƙara tunawa cewa a ƙarƙashin ruwa yake kwana.

Ran nan aka wayi gari ƙyauren ya tsage tun daga sama har tsakiya, ruwa na tsattsafowa ta tsagar. Gwadabe, Sarkin Maƙeran Fari, ya like shi sau uku, sau uku likin na ɓarewa. Sai ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, sinadarinmu na mutane ba ya kama tagullar aljanu. Na ji daga bakin kakana cewa da wani farin dutse suka haɗa ta, sunansa madarar kunama. Rabinsa sinadari ne mai sa ƙarfe ya narke ya rungumi ɗan'uwansa, rabinsa dafi ne. Ba a samunsa ko'ina sai a Tafkin Ƙishi, cikin ƙasar Zangarƙam Sarkin Aljanu. In ruwan farko ya sauka ba a like ba, Rumaya ta zama gidan kifi."

To, a Rumaya farin dutse sha'anin fataken kanwa ne, su kuwa da harshe suke sana'a. Bafatake zai ɗauki gutsure ya lasa, ya ce maka wannan ungurnu ce, wannan balma, wannan manda. Sarki ya aiki tara daga cikin manyansu, ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya dawo. Na taransu shi ne Shekarau, wan Mantau.

Mantau ɗan Korau ne, ɗan Arzika, gidan da tun kaka da kakanni ba a taɓa yi musu gardamar ɗanɗano ba. Dogo ne, baƙi, busasshe, mai tsayayyen wuya, mai gajeriyar magana, wanda in ya lashi kanwa zai faɗa maka ramin da aka haƙo ta da shekarar da aka haƙo ta. Ya san ya fi kowa, ba ya kuwa ɓoyewa. Da Sarki ya kira shi, malamai sun lasafta saura kwana ashirin da ɗaya ruwan farko.

Sarki Dambo ya ce, "Mantau, kai ne na goma, kuma ba ni da na sha ɗaya."

Mantau ya ce, "Ranka ya daɗe, da ni aka fara, da ba a kai ga na biyu ba."

Gidansa kuwa shi ne na farko a ƙarƙashin ƙyauren, har ruwan tsagar ya fara jiƙa masa gindin katanga. Ya tarar matarsa Tasalla tana ɗaura wa takarkarinsa takunkumi, ɗan kwandon kaba da ake sa wa dabba a baki don kada ta lashe kayan da ta ɗauko.

Ta ce, "Maigida, da na saƙa guda biyu."

"Takarkari ɗaya gare ni."

"Na sani. Ai ba don shi ba. Ranar da aka kawo ni gidan nan, sai da ka lashi gefen ƙwaryar kayana ka ce ta ƙasar Gabas ce."

"Ta can ce kuwa."

"Ta can ce. Ni dai ka dawo da bakinka, kuma ka dawo kafin in koyi iyo da tsufana."

Bai yi dariya ba. Ya ja akala ya fita.

Ya yi ta tafiya ba zama, ba hutu, ba waiwaye sai ga sararin gabas, inda kullum yake ganin wani ɗan gajimare yana ƙara jiki. Ya ratsa Birnin Gishiri, wanda ganuwarsa da soraye da gadon sarautarsa duk na gishiri ne fari sol, inda aka hana kuka don kada hawaye ya cinye gidaje, mutanensa suna binne 'ya'yansu da busassun idanu. Ya ratsa Kwarin Tururi, inda ƙasa ke tafasa tana huci, maɓuɓɓugai masu zafi suna amayo ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tsuntsu in ya gifta sai ya faɗo dafaffe. Takalmansa suka ƙone, ya naɗe ƙafafunsa da rabin rawaninsa ya wuce. A rana ta ashirin da hantsi ya iso fadar Zangarƙam.

Fada ce ta baƙin dutse sumul, ba ƙura ba ciyawa, a kan tudu, tana kallon wani fili fari fat, shimfiɗaɗɗe, ƙeƙasasshe, wanda ido ba ya kai ƙarshensa. Shi ne Tafkin Ƙishi. Zangarƙam na zaune a kan kujerar ƙarfe, ƙato, jajur, mai gemu kamar hayaƙin maƙera, mai idanu kamar bakin zuga-zugi, fadawansa dubu sun kewaye shi, wasu da kofato, wasu da fukafukai. A gabansa an jera mutum tara a kan tabarmi, ba su mutu ba, ba su raye, leɓɓansu sun yi baƙi. Mantau ya gane wansa Shekarau. Ya duba hannun Shekarau na dama, ya ga farar ƙura a kan yatsu uku.

Ya ɗaure takarkari, ya durƙusa ya ce, "Gaisuwa ga Sarkin ɓoye, mai mulkin abin da ido bai gani ba. Me wana ya yi maka?"

Zangarƙam ya ce, "Ni ban taɓa kowa ba, ɗan Adam. Ga tafki can. Akwai kanwa a ciki, akwai gishiri, akwai alli, duk farare. Madarar kunama kuwa duk faɗinsa ba ta fi cikin kwando ɗaya ba. Wanda ya kawo mini ita kafin inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, tasa ce, in kuma tashi waɗannan. Na gaya wa kowannensu kada ya lasa. Kowa ya ce to. Kunnensu ya ji, hannunsu ne bai ji ba."

Mantau ya ce, "Ni ba su ba ne."

"Haka wanka ya ce."

Ya ɗauki kwando da magirbi da gorar ruwa da ƙyastu, ya gangara. Rana na dukan farin fili tana dawowa cikin ido kamar allura. Ya yi sauri nan, ya yi sauri can, ya tsinci wani gutsure fari, yana juya shi yana tunanin ruwan da ke cin katangarsa. Bai farga ba sai ya ji sanyin dutse a kan leɓensa na ƙasa. Ya yi wurgi da shi, ya tofar, ya goge baki da hannun riga har ya yi jini. Kanwa ce, Allah ya so shi. Amma bai aiki hannun nan ba. Shekara hamsin hannun na zuwa baki da kansa, kuma zai sake zuwa.

Ya dubi inuwarsa, ta ragu da taki ɗaya. Ya dubi tudu. Sai ya juya da gudu ya koma fada, ya wuce ta tsakiyar fadawa, ya kwance takunkumin bakin takarkarinsa, da yawunsa da warinsa, ya ɗaura a nasa bakin, ya ƙulle igiyar a ƙeya ƙulli uku.

Fada ta ɗauki shewa. Wani aljani mai kofato ya ce, "Ku ba shi dusa!" Wani ya ce, "Wanne ne maigidan, wanne ne na ɗaukar kaya?" Jikan Arzika, wanda bai taɓa sunkuyar da kai a kasuwa ba, ya ji kunnuwansa na ci da wuta. Zangarƙam kaɗai bai yi dariya ba.

Ya sake gangarawa. Yanzu da harshe ya rufu, sai ya tambayi sauran gaɓoɓinsa. Ya zuba ruwa a tafin hannu: kanwa ta narke, gishiri ya narke, alli ya jiƙe ya zama kunu ya shafe masa fata. Duk abin da ke kwance a sama tarkace ne. Sai ya tuna Kwarin Tururi, ya ce a ransa, abin da ruwan zafi ya haifa, a bakin mahaifarsa za a same shi. Ya bi filin yana neman inda maɓuɓɓuga ta taɓa rayuwa ta mutu, har ya ga wani ɗan tudu mai rami a ka, busasshe, gefensa da tsatsa. Ya sa magirbi. Ya wuce ɓawon gishiri, ya wuce jan yumɓu, ya kai ga wani shimfiɗin toka mai launin ƙasa-ƙasa, zurfin kamu biyu. A tsakanin yumɓun da tokar ya ga wasu curi-curi farare, ƙanana, a manne da juna kamar audugar da ta fashe a kara.

Hannunsa ya ɗauki ɗaya ya tafi baki. Ya ci karo da kaba. Sau uku yana haka.

Ya fasa curin, ya ga cikinsa tsinke-tsinke ne sirara masu ƙyalli kamar gilashi. Ya karce da farce, da ƙyar ya yi zane. Ya karce da zoben tagullarsa, ya shiga. Ya sa a ruwa, ruwa bai ci shi ba. Inuwa saura taki ɗaya. Ya ƙyasta wuta a ragowar rawaninsa, ya barbaɗa garin a kan harshenta. Wutar ta juye kore shar, sai wani wari ya taso kamar na tafarnuwa. Ya kawar da kai da sauri, ya cika kwando, ya ruga. Ya taka dutsen fada inuwarsa na shigewa ƙarƙashin diddigensa.

Zangarƙam ya duba kwando ya ce, "Ita ce. Shekara ɗari uku ina jiran mai tsoron hannunsa." Ya hura iska a fuskokin mutum taran, baƙin leɓɓansu ya washe, suka tashi suna tari. Shekarau ya buɗe ido ya ga ƙanensa.

Ya ce, "Mantau? Wa ya yi maka wannan wulaƙanci?"

Mantau ya amsa ta cikin kaba, "Ni na yi wa kaina, Yaya. Tashi, hadari ya haɗu."

Sarkin Aljanu ya ce ya kwance abin, ai an gama. Mantau ya girgiza kai, don kwandon na rungume a ƙirjinsa. Aka kira guguwa ta ɗauke su, su goma da takarkari, ta dire su a ƙofar Rumaya washegari da la'asar, gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa ƙamshin ruwa. Haka ya ratsa birni da takunkumi a baki, ta gaban abokan cinikinsa da surukansa da Sarki da kansa, mutane na nuna shi suna tuntsira dariya. Bai tsaya ba sai gaban ƙyaure. Ya miƙa wa Gwadabe kwando, ya nuna masa da hannu ya rufe hanci ya tsaya ta bayan iska. Maƙera suka zuga, koriyar wuta ta hau tsagar tun daga tsakiya har sama, tagulla ta narke ta haɗe baki. Ɗigon farko ya faɗo a kan likin ya yi cuu. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, tafki ya cika ya daki ƙyaure, ƙyaure bai motsa ba. Dariya ta ɗauke.

Tasalla ce ta zo cikin ruwan, ta wanke masa hannu da toka sau bakwai, sannan ta kwance ƙulli ukun da ke ƙeyarsa.

Ta ce, "Na gaya maka da na saƙa biyu."

Ya ce, "Kin faɗa." Tunda aka ɗaura musu aure, ranar ce ta fara jin wannan magana daga bakinsa.

Sarki Dambo ya naɗa shi Sarkin Fatake, ya ba shi alkyabba da sanda. Mantau ya rataye takunkumin a ƙofar zaurensa, sama da inda yake zama, ya hana a sauke. Tun daga ranar, bafataken Rumaya ba ya fita fatauci sai da takunkumi biyu a cikin kayansa, ɗaya na takarkari. Allah ya tsare mu da abin da hannunmu ya saba.