Ɗan Tsami da Murɗau a Hanjin Lantana

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji!

Ta zo mu ji ta, Inna!

An yi wata jaririya, sunanta Lantana, wata uku da haihuwa. Ku sani, cikin kowane jariri gari ne guda, cike da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Na Lantana da nonon uwarta suka shigo, suka zauna a hanji unguwa-unguwa, suna taya ta narkar da abin da ta sha.

A cikinsu akwai wani Ɗan Tsami, mai tsaron ƙofa. Allah ya ba shi dafi a baki. In ƙwayar cuta ta leƙo sai ya tofa mata, tuf! Fatarta ta huje, ta mace. Sai dai hankalinsa bai kai dafinsa ba.

Ran nan Lantana ta tsotsi yatsan wani baƙo da bai wanke hannu ba. Ta nan Murɗau ya shigo, ƙwayar gudawa ce mai fata kamar ta kada. Ɗan Tsami ya tofa masa, tuf! Murɗau ya shafa fuska, ya ce, "Ranka ya daɗe, turare ne wannan?"

Ya zaga hanji kaf, bai sami wurin zama ba, ko'ina da mai shi. Sai ya dawo ƙofa ya durƙusa.

"Sarkin dafi, kana nan tsaye, 'yan Unguwar Sama suna shanye maka nono."

"Ni?"

"Kai."

Tuf! Unguwar Sama ta zama kango. Murɗau ya shimfiɗa tabarma, ya haifi 'ya'ya dubu.

Washegari ya ce, "Sarkin dafi, 'yan Unguwar Tsakiya sun ce bakinka wari."

"Ni?"

"Kai."

Tuf! Murɗau ya ƙara tabarma.

Rana ta uku Ɗan Tsami da kansa ya tambaya, "'Yan Unguwar Ƙasa fa, me suka ce?"

"Ba su ce komai ba. Ai wannan shirun raini ne."

Wata tsohuwar ƙwaya ta fito tana kuka. "Haba Ɗan Tsami, a tsotso ɗaya fa muka shigo!"

Tuf!

Da gari ya zama nasa, Murɗau ya ture Ɗan Tsami, ya ce, "Matsa can, mai yawu." Shi da 'ya'yansa suka kafa kiɗa. Cikin Lantana ya kama ƙugi, ƙululu, ƙululu. Gudawa ta ɓalle, ido ya faɗa, kuka har murya ta dushe.

Kakarta, Goggo Dudu, ta ce wa uwar, "Haƙori ne, Hansai. Ki yanke mata nono kwana biyu."

Hansai ta ce, "Goggo, wata uku wane haƙori?" Ta goya 'yarta, sai asibiti.

Malamar asibiti ta ba ta ruwan gishiri da sukari, ta ce, "Kada ki kuskura ki yanke nono. Ki ƙara ma."

Nono ya yi ta sauka. Kowane tsotso sai ga dangin waɗanda aka kashe, da ƙullin kayansu, suna cika ɗakuna. Ɗan Tsami, kunya ta ishe shi, ya juya bakinsa kan 'ya'yan Murɗau, su da fatarsu ba ta yi kauri ba. Tuf! Tuf! Tuf! Murɗau ya rasa tabarma, aka yi ta matsa shi, ƙasa, ƙasa, har ƙofar ƙarshe.

Daidai lokacin Goggo Dudu ta ɗaura sabuwar atamfa za ta biki. Ta ɗora Lantana a cinya, tana cewa, "Ban ce muku haƙori ne ba?"

Firrrt!

Murɗau ya faɗo a tsakiyar atamfa. Goggo ta yi salati, ta fasa biki, ta ɗauko sabulu da tafasasshen ruwa. A nan fatar kada ta ƙare. Lantana kuwa ta yi dariya, dasashi fal, babu haƙori ko ɗaya.

To kun ji. In baƙo ya zuga ku kan maƙwabtanku, ku duba ko ɗakinsu yake so.

Ƙurunƙus kan Murɗau! Ku tashi ku wanke hannu, kai ma Ɗanliti, na ga inda ka sa yatsan nan.