Malam Cindo Mai Itace da Bunsurun Maƙwabcinsa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da jaki ne motar talaka, ana ce masa Malam Cindo. Ku matso, jama'a, ku saurara. Wannan bawan Allah ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, itace yake sayarwa. Da sassafe ya saɓi gatari ya kora jakinsa daji, ya dawo ya kasa kaya a ƙofar gida. Da wannan yake ciyar da matarsa Tabawa da 'ya'yansu.

Ana nan sai hukuma ta turo wani malamin daji, Malam Haladu, don ya riƙa karantar da mutanen garin yadda za su kula da ƙasarsu. Aka yi shela kowa ya hallara a gindin tsamiyar kasuwa, akwai abin da za a raba. To, kun san halinmu in an ce za a raba. Gari ya tashi kaf, wani da buhu, wani da kwando, wata tsohuwa har da tulu, wai ko man gyaɗa ne.

Malam Haladu ya yi ta bayani. Ya ce rijiyoyinku suna ƙafewa, ruwan sama yana kwashe muku ƙasar gona, saboda an sare itatuwa ba a mayar ba. Ya ce shara da toka a tara su a rami su zama taki. Ya nuna yadda ake gina murhun laka mai cin itace kaɗan. Mutane dai ido na kan amalanken da ya zo da shi. Da aka yaye tabarmar da ta rufe shi, sai ga 'yan dashe, kowanne bai fi tsinken tsintsiya ba: dogon yaro, mangwaro, zogale. Tsohuwar nan mai tulu ta leƙa ta ce, "Ɗan nan, wannan dafawa ake yi ko jiƙawa?"

Da mako ya zagayo, ajin ya koma 'yan tsiraru. Amma Malam Cindo yana nan a sahun gaba, ya naɗe ƙafa. Da aka gama ya ce, "Malam, ni fa itace nake sayarwa. Da, a bayan gari nake cika jakina. Yanzu sai na yi tafiya har jakin ya tsaya yana kallona. Ya zan yi?"

Malam Haladu ya ce, "Ban ce ka bar sana'arka ba. Ka ɗebi busasshe, ka rage reshe, ka bar uwar a tsaye. Kuma ka shuka."

Sai Malam Cindo ya kwashi dashen da mutane suka watsar, ya jera su a bakin hanyar da ta tashi daga gidansa zuwa rijiya. Safe ya ba su ruwa, yamma ya ba su ruwa, har suka fara fitar da sabon ganye.

To, ku saurara, nan jarrabawar ta zo, kuma da ƙafa huɗu ta zo. Malam Cindo yana da maƙwabci, Maikano, ɗan koli ne, kullum yana yawon kasuwannin ƙauye. Maikano yana da wani bunsuru da ba a ɗaure shi, ba a ba shi abinci, shi ke neman na kansa. Gagarau ake ce masa. Ya taɓa cinye tallan mai ƙosai, ya taɓa tauna rawanin ladan da aka shanya a kan danga.

Wata safiya Malam Cindo ya zo da ruwa, ya tarar da dashensa tsirara, ba ko ganye ɗaya. Ya ce, "Allah Ya sa haka ya fi alheri." Ya koma wajen Malam Haladu ya karɓo wasu, ya dasa, ya yi musu shingen ƙaya. Gagarau ya zo, ya fara da shingen, ya ƙare da dashen.

Malam Cindo ya tafi wajen Maikano, ya yi sallama, suka gaisa. Ya ce, "Maƙwabci, don Allah in da hali a riƙa ɗaure bunsurun nan."

Maikano ya ce, "Bunsuruna? Ai shi ba ya cin ganye, sai dusa. Ka gan shi da idonka?"

Jama'a, a lokacin nan Gagarau yana tsaye a bayan Maikano, reshen zogale na lilo a bakinsa. Malam Cindo ya dubi bunsuru, bunsuru ya dube shi. Ya ce, "To, Allah Ya bar zumunci," ya juya.

Gari ya ɗauka. In ya wuce majalisa sai a ce, "Sannu da aiki, mai noman abincin bunsuru!" Abokai suka ce ya kai ƙara wajen mai gari. Ya ce, "Mutumin da in na faɗi ciwo shi zai fara shigowa gidana, shi zan kai ƙara a kan ganye?" A gida ma bai tsira ba. Ya ce wa Tabawa, "Na ji malamai suna cewa abin da mutum ya shuka, in dabba ta ci, lada ne gare shi."

Tabawa ta ce, "To, Malam, in haka ne, bunsurun nan shi kaɗai ya isa ya kai ka Aljanna. Mu kuma sai mu jira mangwaro a can."

Malam Cindo bai bar zuwa aji ba. Rannan Malam Haladu ya koya musu saƙa kwandon da ake kifawa a kan dashe. Malam Cindo ya zauna ya saƙa nasa masu ƙarfi, ya kife kowane dashe, ya danne da duwatsu. Gagarau ya zo ya zagaya, ya zagaya, ya ga ganye ta kafar kwando. Ya tura baki, ya tura kai, ƙaho ya shige ya ƙi fita. Ya fizga, kwando ya tumɓuke ya biyo shi. Ba ya ganin gabansa. Ya bi ta kasuwa a guje, ya ture mai nono, ya ratsa tsakanin masu awon hatsi, yara na ihu wai kwando ya yi ƙafa. Ya ɓace musu a lungu, ya afka ta dangar Malam Cindo, ya faɗa ramin takin da ke bayan ɗaki, tim!

Tabawa ce ta fara ganinsa. Ba ta yi ihu ba. Ta je ta ɗauko wuƙa, ta ɗora tukunya, sannan ta kira mijinta. Ta ce, "Malam, zo ka ga ikon Allah. Ba wanda ya ga shigowarsa, Maikano kuma yana kasuwa. Ganyenmu ne ya zama naman nan, ai ko alƙali ya ba mu rabi."

Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, tashi ka ji wannan! Kada ku ɗauka Malam Cindo dutse ne. Rabon gidansa da nama tun layya. Ya tsaya a bakin ramin, ya tuna ruwan da ya yi ta jida, ya tuna dariyar majalisa, ya haɗiyi yawu. Ya karɓi wuƙar. Tabawa ta ƙara wa wuta itace.

Ya shiga ramin, ya ce bismillahi, ya yanke kwandon.

Da ya ɗago bunsurun sai ya ji haƙarƙari a hannunsa, ashe duk gashi ne, ba tsoka. Ƙafa ɗaya kuma ta gurɗe. Ya ce, "Ashe yunwa ce, bawan Allah." Ya ɗaure masa ƙafar da kara da tsumma, ya ɗebo harawar jakinsa ya zuba masa. Tabawa ta sauke tukunyarta, yadda ta dire ta kawai ya isa magana.

Da la'asar ya saɓi Gagarau a wuya, ga warin bunsuru ga warin taki, ya yi sallama a ƙofar Maikano. Maikano ya riga ya ji ɓarnar da aka yi a kasuwa, ya fito ya naɗe hannun riga, ya shirya faɗa. Malam Cindo ya sauke bunsurun a hankali ya ce, "Maƙwabci, ka yafe ni. Kwandona ne ya ji wa dabbarka ciwo."

Maikano ya warware hannun rigarsa. Ya ce, "Malam Cindo, zagina kake yi?"

Ya ce, "Wallahi a'a."

Maikano ya ce, "Da ka zage ni, da ya fi mini sauƙi."

Ranar nan aka kafa wa Gagarau turke. Da ranar aji ta zo, sai ga Maikano a can baya, ya ja hula ya rufe goshi. Kuma duk safiya sai Maikano ya share kashin bunsurun ya kai wa dashen Malam Cindo. Da damina ta sauka, wasu tsirrai da ba wanda ya shuka suka ɓullo a gindin dashen. Malam Haladu ya duba ya yi dariya, ya ce gawo ne: 'ya'yan gawon da bunsurun yake ci, in sun bi ta cikinsa sun fi saurin tsira. Shekaru suka wuce, hanyar rijiya ta zama inuwa, mata na hutawa a ƙarƙashinta da tulunansu, Malam Cindo yana samun reshen sayarwa a ƙofar gidansa. Ita kuwa Tabawa, har ta tsufa tana shan mangwaro tana cewa an dai yi asarar farfesu.

Jama'a, darasin a fili yake. Wanda zai gyara ƙasa sai ya yi haƙuri, wanda zai zauna da maƙwabci sai ya yi haƙuri, kuma abin da ba naka ba, ko ya faɗo cikin gidanka ba mai gani, ba naka ba ne. Yanzu ni da ku. Duk Asabar ana karatun kula da muhalli a makarantar firamaren unguwar nan, benci ne kawai ke saurare. Dashen da aka kawo mana yana bayan masallacin nan yana bushewa. Kwatar ƙofar gidanka ta toshe da leda, kana jiran ruwa ya shigo maka ɗaki ka ce ƙaddara. Kowa ya ɗauki dashe ɗaya yau kafin ya saka takalmi, ya dasa, ya ba shi ruwa. In akuya ta ci, ka sake dasawa. In kuma akuyar taka ce, ka ji tsoron Allah ka nemi igiya.

Allah Ya ba mu haƙurin shuka abin da wasu za su sha inuwarsa, Ya sa mu zama maƙwabtan da ake jin daɗin zama da su. Ku ce amin.