Takardar Da 'Yar Ƙanwarsa Ta Ƙi Sa Wa Hannu

Akwai wani mai sayar da yadi da ke zaune a tsohuwar unguwar birni, cikin gidan da kakansa ya gina. Kowa Kawu yake ce masa. Gidan na da doguwar ƙofar katako mai sassaƙa, da tagogi shida masu kallon titi.

Unguwar tana da dokarta. Ba a rushe fuskar gida, ba a sauya tagogi, ba a ɗora bene sai da izinin ofishin kula da tsofaffin gine-gine.

Da iyalin babban ɗansa suka ƙaru, ɗakuna suka yi kaɗan. Ɗan ya fara zancen tashi ya koma bayan gari. Kawu kuwa ko abinci ba ya iya ci in bai ji hayaniyar jikokinsa ba. Sai ya yanke shawarar ɗora bene.

Bai damu da izini ba, don 'yar ƙanwarsa da ya rena tun tana shekara biyar ita ce injiniyar ofishin. Ya shiga yana baza riga, ya ajiye takarda a teburinta.

"Sa hannu, 'yar nan, sauri nake."

Ta karanta, ta sunkuyar da kai. "Kawu, ka yi haƙuri. Wannan ba zai yiwu ba."

"Me kika ce?"

"Doka ta hana. Jiya na hana mai kantin magani, da wane ido zan kalle shi in na ba ka?"

"Mai kantin magani ne ya kai ki makaranta?"

Idonta ya ciko, amma ba ta taɓa biro ba. Kawu ya fice ko sallama babu. Kwana goma tana zuwa gaisuwa yana kau da kai. Matarsa ta ce, "Kai ka koya mata taurin kai, yanzu kuma kana kuka da shi."

Ran Asabar sai ga ta da igiyar awo da tsani. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya yi banza da ita. Ta zagaya bayan gida, ta wuni tana aune-aune a filin da ake jibge tsofaffin katakai. Da yamma ta shimfiɗa zane a gabansa: ɗakuna uku da banɗaki, duk a baya, ba abin da zai taɓa fuskar gida.

"Wannan doka ta yarda da shi, Kawu. Amma zo ka ga wani abu."

Ta nuna masa bangon gabas, inda ta ɗan kankare shafe. Tsaga ce tun daga sama har ƙasa, hannunsa ya shige ciki. Jikokinsa a jikin bangon nan suke kwana.

"Da an ɗora masa bene fa?" ya tambaya.

Ta ce, "Da ya rufta a kansu, Kawu."

Aka gyara bangon, aka gina ɗakunan, ɗan ya fasa tashi. Ofishin ya riƙa kawo masu gidaje su ga yadda ake faɗaɗa gida ba tare da an ɓata shi ba. Kawu da kansa yake zagayawa da su, yana ta bayani kamar shi ya yi zanen.

Wata rana maƙwabcinsa ya ja shi gefe. "Don Allah ka yi mini magana da 'yarka, tagogina nake son sauyawa."

Kawu ya yi dariya har da tafa hannu. Ya dafa ƙirji ya ce, "Yarinyar da ta dubi tsabar idona ta hana ni? Je ka bi layi, malam. Ni na rene ta, na san abin da na rena."

Darasi: Wanda ya ƙi karya doka dominka ba ƙinka yake yi ba, wataƙila shi ne ya fi kowa ƙaunarka. Idan naka ya tsaya kan gaskiya a wurin aikinsa, ka yi alfahari da shi, kada ka matsa masa. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.