Surukin Sarkin Ruwa a Kan Teku

An yi wani mutum a wani gari na bakin teku, tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa. Kafin in shiga labarinsa, bari in faɗi wani abu da direbobin tashar garin nan suka riga ku sani. Kuna ganin kullum ina neman gidan gaba a mota, kuna cewa Malam na son girma. Cikina ne ba ya son baya. Saboda haka labarin yau na 'yan'uwana ne, ku saurara.

Sunan bawan Allahn nan Korau. Mai yasar rijiya ne a garinsu. Ya taso da matarsa Tasalla da mahaifinta Baba Jatau za su sauke farali, suka yi ta tafiya har ƙasa ta ƙare, ruwa ya tare su. A nan guzuri ya ƙare shi ma. Suka sauka a zangon Hausawa, Korau ya kama sana'ar ga-ruwa.

Shi Baba Jatau, a gida Sarkin Ruwa ne. Kogin garinsu ba inda bai nutsa ba. Amma hanya ta cinye masa komai: ta cinye matarsa, ta cinye 'ya'yansa maza, ta cinye ƙarfinsa. Abin da ya rage masa a duniya 'yar nan tasa, sai sunan. Kullum da la'asar yana bakin zaure, samari na zagaye da shi, yana ba su labarin kada da dorina. In ya gifta a ce, "Sarkin Ruwa, barka da fitowa." Da wannan gaisuwar tsohon yake rayuwa.

To, a garin akwai wani mai jirgi da mutanensa ke fita tsakiyar teku, su nutsa su ciro wata irin katantanwa mai lu'ulu'u a ciki. Duk wanda ya yi masa aikin kaka guda, zai haye da shi da iyalinsa zuwa ɗaya gaɓar, inda hanyar Makka take. Sai dai sau ɗaya yake gwada sabon mutum a shekara, kuma wanda teku ta juya wa ciki ba ya barin sa ya nutsa, don jikinsa ya saki, in ya sauka ba lallai ya hauro ba. Korau ya yi ta zarya har aka ce ya zo a gwada shi.

Ku ga shiri wajen bawan Allah. Ya koyi taka dutsen da ake ɗaure wa igiya ya ja mutum ƙasa. Ya koyi haɗiye miyau in kunne ya toshe, da fizgar igiya in numfashi ya kusa ƙarewa. Da rana ya tsoma kai a tulun ruwan sayarwa yana gwada numfashi, har masu saye suka fara tambaya ko da wanka ake haɗa musu.

Ita kuwa Tasalla gida-gida ta bi matan masu nutso, ta dawo da ilmi a bakin zane.

"Maigida, sun ce kada ka fita da yunwa, kada kuma ka cika ciki. Busasshiyar gurasa, ba mai, ba yaji. Ka zauna a tsakiyar jirgi, can ƙasa. Kada ka kalli ƙafarka, ka kalli nesa, inda sama ta taɓa ruwa. Ga citta ka sa a kunci. In kuma abin ya zo duk da haka, ka bi gefen da iska za ta tafi da shi, kada ta dawo maka da kayanka."

Ya ce, "Har da wannan suka koya miki?"

Ta ce, "Da shi suka fara."

Ana gobe za a fita, Baba Jatau ya aika cewa zai raka yaron nan, ya nuna masa yadda ake yi da ruwa. Ku da kuke da surukai kun san nauyin wannan saƙo. Korau bai taɓa cin ko gyaɗa a gaban tsohon ba, bai taɓa kama sunansa ba, in ya hango shi a hanya tun daga nesa yake cire takalmi. Ta ina zai fara ce masa teku daban, kogi daban?

Tasalla ce ta gwada. Da safe ta kai wa mahaifinta citta a 'yar ƙwarya.

Ya ce, "Mura kika ga ina yi? Ni da aka yanke wa cibiya a kwalekwale? Kawo mini funkaso, ki zuba man shanu sosai."

Ta zuba. Uba ne.

Da hantsi aka shiga jirgi, har da wasu samarin zango da ke aikin jan igiya, waɗanda ke zama a gaban tsohon da la'asar. Korau ya share wuri a tsakiya, ya ja gefe. Tsoho ko kallon wurin bai yi ba, ya wuce can goshin jirgi, inda ya fi ko'ina hawa da sauka, ya harɗe kamar mai jiran fadawa.

Jirgi ya bar gaɓa. Ruwa ya tashi daga kore ya koma shuɗi. Jirgi ya hau, ya sauka. Ya hau, ya sauka. Korau na jiran cikinsa ya motsa, shiru. Wallahi tun da aka haife shi bai taɓa jin daɗin jikinsa irin na ranar ba. Ya leƙa ruwa ya ga hasken rana na sauka a ciki har inda ido ya gaza, shi da ya saba da duhun rijiya. Ransa ya ce masa: yau kam ka haye.

Sai ya lura labarin dorinar da tsoho yake ba samari ya tsaya a tsakiya.

Bai ɗaga kai ba, kunya ba ta bari. Ta wutsiyar ido ya duba. Gumi na bin wuyan tsoho. Ya yi hamma, ya sake yin hamma. Leɓensa ya yi fari kamar an shafa toka. Yana ta haɗiye miyau, hannunsa ya damƙe katako har jijiya ta fito.

Ku saurara da kyau, a nan jarrabawar take. Korau ya dubi samarin nan. Ya san kafin la'asar labari zai riga su isa zango, kuma daga ranar ba mai sake cewa Sarkin Ruwa sai da dariya a ƙarshenta. Ya san kuma, ko duk duniya ta yi shiru, tsohon ba zai iya sake haɗa hanya da mijin 'yarsa ba, mutumin da ya gan shi a wannan hali. Ya dubi inda za a nutsa, ga shi nan an kusa. Ya tuna Tasalla da cittarta.

Sai ya kurma ihu, "Wayyo cikina!" Ya ruga ɗaya gefen jirgin, ya rataya a kan katako, ya zura yatsa a maƙogwaro. Gurasar nan ta dawo, ya raka ta da kakari irin na raƙumin da ake ɗora wa kaya.

Jama'a suka yo kansa. Dariya ta ɓarke.

"Ga-ruwa, yau ruwa ya ga ka!"

"A hankali, kada ka zubar da hanjin, da sauran amfaninsa!"

Duk ido na kan Korau. A can goshin jirgi tsoho ya sunkuya ta nasa gefen, ya mayar wa teku funkaso da man shanu, ba wanda ya waiga. Duk sa'ad da Korau ya hangi kafaɗar tsohon ta ɗaga, sai ya ƙara murya. Cikinsa ba sauran komai, amma bai fasa kakari ba.

Da abin ya lafa, ya kwanta a tsakiyar jirgi, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, ku taimake ni. Ku zo kusa, ko na ji dama."

Tsoho ya rarrafo, ya zauna a wurin da aka share masa tun da safe.

"Baba, an ba ni citta, ina tsoron kada ta ƙara mini. Ku ɗanɗana ku ji ko mai kyau ce."

Tsoho ya jefa a kunci. Ya daɗe yana ɗanɗanawa. Ya ce, "Ba laifi. Kawo wata in tabbatar."

"Baba, wai ina aka ce mutum ya kalla? Kusa ne ko nesa?"

"Nesa mana, yaro. Can, inda sama ta taɓa ruwa." Ya miƙa hannu yana nunawa, kuma mai nuni dole ya kalli abin da yake nunawa. A hankali jini ya dawo leɓensa. Ɗaya hannun ya ɗora a kan Korau yana shafawa, yana cewa, "Yi haƙuri, ba kowa aka yi don ruwa ba."

Mai jirgi ya zo ya tsaya a kansu, ya ce wannan ba zai nutsa ba, ya koma wa tulunsa. Korau na kwance yana ji wasu suna taka dutse suna sauka.

Na ga malaman sahun gaba suna motsi. Na sani, za ku ce akwai yaudara a ciki. Ku riƙe fatawar, mu haɗu bayan salla.

Da suka dawo, labari ya cika zango, amma na Korau ne. Yara suka sa masa Mai-kakari. Ya shiga gida ya ce wa Tasalla ba a dace ba. Ta ajiye masa tuwo. Ya cinye, ya side kwano, ya tambaya ko da saura. Ta tsaya tana kallonsa, don matan masu nutso sun gaya mata wanda teku ta juya ko warin miya ba ya so. Sai ta tuna tuwon mahaifinta ya dawo ba a taɓa ba. Ta juya baya ta goge ido da bakin mayafi, ta juye masa nata rabon. Daga bakinta jikoki suka ji labarin nan, bayan duk mazan biyu sun kwanta dama.

Shi Baba Jatau, har ya koma ga Allah ana ce masa Sarkin Ruwa. Labarin da ya fi so da la'asar kuwa shi ne na ranar da ya ceci surukinsa a teku. Korau na wucewa da tulu yana ji, ya cire takalmi ya gaishe su.

Jama'a, abin da nake so ku tafi da shi ke nan: rufin asiri yana da tsada, kuma mafi kyawunsa shi ne wanda wanda aka rufa wa bai ma san an rufa ba. Mu yanzu in dattijo ya yi tuntuɓe, kafin ya miƙe mun ɗauke shi a waya. In mun taimaki mutum kuwa, sai mun tabbatar ya san da hannun wa ya tashi. Kowannenku yana da wani tsoho a gida da ba abin da ya rage masa sai sunansa. Yana maimaita labari, ku saurara kamar yau kuka fara ji. Hannunsa na rawa ya zubar da koko, ku sami abin kallo a wani gefen. Allah ya rufa mana asiri ranar da namu cikin zai juya.

Na ji wani a baya yana tambaya ko Korau ya haye daga baya. Da shekara ta zagayo mai jirgi ya sake gwada shi, ba suruki a jirgin, ga citta cike da kunci. Ba a gama kwance igiya daga gaɓa ba ya fara amai, na gaske.