Abin da Na Ɗura a Gorar Zamzam

Ko na dafa Alƙur'ani ba za ku yarda ba, amma ku dai saurara. Ni ne Fatihu, wanda ya taɓa barbaɗa wa ango yaji a hula ranar ɗaurin aure a Annandale, har yau ba a gano ni ba. Wayo kam na ƙoshi da shi. Shi ne kuma ya kusa kashe matar da ta riƙe ni, Allah ya taƙaita.

A shekarar 2009 ina zaune a Woodbridge, can ƙasar waje, gidan Gwaggo Sailuba, ƙanwar mahaifina. Ita ta kawo ni karatu. Na yi zango uku a kwaleji na ajiye, don a ganina malaman ba su kai ni ba. Kullum da safe in rataya jaka kamar mai zuwa aji, in hau jirgin ƙasa in sauka wurin abokai.

Su suka koya mini shan wani ruwan maye na 'yan gidan rawa, GHB. Ba launi, ba wari, sai ɗan gishiri-gishiri. In ka kurɓa, jiki ya yi sakayau, kowa ya zama ɗan'uwanka, ɗan sanda ma ka ji kamar ka rungume shi. In ka ɗan zarce kuwa, ka ɗauke kamar an kashe fitila. Wani abokinmu ya taɓa ɓingirewa da cinyar kaza a baki. Na zana masa gashin baki da biro, muka yi ta dariya. Babu wanda ya duba ko yana numfashi.

Damuwata ɗaya ce, wurin ɓoyo, don Gwaggo tana binciken ɗakina kamar 'yar kwastan. Sai alhazan shekarar suka dawo suka raba tsaraba, dabino da 'yan gorunan zamzam. Wani dattijo cikinsu ya ba ni gora ɗaya. Na shanye nawa, na ɗura ruwan nan a gorar, na ajiye ta a fili kusa da darduma. Na yi ta cika baki gaban abokai: wa zai tuhumi zamzam? Gwaggo ma da ta gani sai ta sa mini albarka, ta ce yaro ya fara hankali.

Wata Asabar bayan azahar ina falo ina kallon ƙwallo, ita kuma ciwon kai ya matsa mata, nata zamzam ɗin ya ƙare. Na ji ta shiga ɗakina ban kawo komai a raina ba. Da na tuna na ruga, na iske ta tsaye tana fuskantar alƙibla, ta riga ta yi bisimilla ta shanye.

"Wannan naka akwai gishiri, Fatihu," in ji ta.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ce mata ai na asali ke nan. Na ɗauka barci kawai za ta yi ta tashi, asirina a rufe.

Ba a jima ba ta zube kan kujera. Na kira ta, shiru. Numfashinta ya koma ɗaiɗai. Ba takalmi na buga ƙofar maƙwabciyarmu Anti Kaneng, 'yar Jos, nas ce. Ta zo ta kwantar da Gwaggo kan gefe, ta kira motar asibiti, sannan ta tambaye ni me ta sha. Na ce zamzam.

Ta ɗaga kai ta kalle ni. "Ɗana, shekara goma sha biyu ina sashen gaggawa. Ka faɗa mini yanzu, ko ka faɗa bayan an yi mata sallah."

Na faɗa. Ta sanar da masu motar tun suna hanya, suka zo da shirinsu. A asibiti na'ura ta riƙe wa Gwaggo numfashi har washegari.

Da ta farka ba ta zage ni ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kuma har albarka na sa maka a kanta."

Gara da mari ta yi mini.

'Yan sanda suka tafi da gorar, alƙali ya tura ni gidan gyaran masu shaye-shaye. Kafin in tafi, Gwaggo ta yanke nata hukuncin. Ta sa ni a mota har Largo, gidan dattijon da ya ba ni tsarabar, ta zauna a gefe tana jan carbi. Ni sarkin wayo na durƙusa gabansa, na faɗa masa da bakina abin da na yi da gorarsa, daga farko har ƙarshe.

Darasin da na kwasa shi ne, abin da sai ka ɓoye shi a rigar tsarki kafin ka ajiye shi a gida, to tun farko bai dace da gidan ba. Gubar da ka tanada don nishaɗinka ba ta san bakinka ba, wanda ya fi yarda da kai shi zai fara sha. In kuma ɓarna ta auku, faɗin gaskiya da wuri ya fi rufin asiri. Na gode wa Allah da ya bar mini Gwaggo, na gode wa Anti Kaneng da ta ƙi yarda da ƙaryata.